Kwana Ukun da Uwaisu Ya Riƙe Injin Niƙa

A shekarar da mudun gero ya gagari mai gona ballantana mai saye, Uwaisu ɗan Malam Nababa Mai-Inji ya dawo Rijiyar Gawo bayan shekara bakwai a Kaduna. Ya sauko daga motar Ɗambatta da baƙin tabarau a fuska, ga shi kuwa hadari ya rufe gabas, da jakar kwamfuta rataye a kafaɗa. Kwamfutar tana ciki, wannan ba ƙarya. Sai dai tun bara ta rufe ido ba ta sake buɗewa ba, kuma shi kaɗai ya san da haka.

Duk wanda ya tambaye shi sana'ar da ya yi a can, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Harkar kwamfuta." Nan ma bai yi ƙarya duka ba. A wata makarantar koyon kwamfuta ya zauna, shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke tayar da janareto. Tsakanin ɗakin janareto da aji akwai wani siririn katako, ta nan ilimi ya riƙa yoyo masa, rabi ya shiga kunne, rabi ƙara ta cinye.

Darasi ɗaya ne ya shiga kansa kusan cikakke, don ranar an kawo wuta. Malamin ya ce akwai abin da masu rubuta manhaja ke kira abstract data type. Ma'ana ka gina ma'aji, ka gaya wa mutane abin da zai yi musu: ga inda ake sakawa, ga inda ake cirewa, ga wanda zai fara fita. Yadda cikinsa ke aiki kuwa ba ruwansu, ka rufe abinka. Ya kawo misalin kiyu, wato wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Ya kawo na sitak, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, kamar tarin faranti. Yana cewa "amma fa akwai sharaɗi" aka ɗauke wuta. Uwaisu ya ruga ya ja igiya, sharaɗin ya bi hayaƙi.

Gidan Malam Nababa kuwa, a wannan damina ta yunwa, injin niƙa ne kaɗai ke riƙe da shi, don rumbu ya ga ƙasa tun kafin noman firi. Tsohon inji ne mai shan gas, a wani ɗaki ƙarƙashin darbejiya. Ga kuma wani Sama'ilu ya kafa nasa sabo fil a bakin titi, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Ba abin da ya hana matan gari komawa can sai kunyar Malam Nababa, musamman Inna Hure, yayar Mai Unguwa, wadda in ta ɗauki kwanonta ta yi gabas, kwanonin gari kaf gabas za su yi.

Sati biyu da dawowar Uwaisu aka kira Malam Nababa Kano za a yi masa aikin yanar ido. Da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakin inji yana jujjuya makulli a hannu, kamar mai shirin ba kura ajiyar nama.

"Kai Uwaisu, buɗe kunnenka. Kwanonin nan da kake gani, kowanne da lokacinsa. Farin hatsi tukuna, sannan..."

"Haba Baba. Ni da na juya injinan da ke magana da Turai?"

"Na ji. Amma wannan da Hure yake magana. Mace in ta ɗauke kwanonta daga ƙofarka, ba ka da ranar ganinsa. In suka koma wajen Sama'ilu, sai dai mu dafa ƙarfen nan mu ci."

"Ka tafi hankalinka kwance. Kafin ka dawo ba za ka gane wurin nan ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji tsohon, ya miƙa makullin.

Motar ba ta gama ɓacewa ba Uwaisu ya kwanto zanar garken awaki ya kafa a ƙofar ɗakin inji, ya toshe ko'ina har taga. Ya yanka rami biyu, ya rubuta da gawayi a jikin kwali: SAKA a dama, KARƁA a hagu.

Washegari mata suka iso suka tarar ba ƙofa.

"Lafiya?" in ji Inna Hure. "Haihuwa injin ya yi aka killace shi?"

Uwaisu ya fito ya taka wata tsohuwar taya don a gan shi da kyau. "Iyayena, daga yau an shiga zamani. Ba leƙe, ba a yi mini laushi, ba a yi mini kaza. Ki saka ta nan, ki karɓa ta can. Abin da ke faruwa a ciki ba ruwanki. Tsarin kuma sunansa kiyu: wanda ya fara zuwa shi ke fara tafiya."

"Layi dai kake nufi."

"Inna, layi na 'yan kasuwa ne. Wannan kiyu ne."

Taubashiyarsa Asama'u, 'yar ƙanwar babansa, tana wucewa za ta firamaren gari inda take koyarwa. Ita kaɗai ce a Rijiyar Gawo ta taɓa karanta kwamfuta a gaban kwamfuta mai rai. Ta tsaya ta ƙare wa zanar kallo.

"Sannu Injiniya. A wane shafi aka ce a tsiraita awaki?"

"Ke wuce ki koya wa yara a, ba, ca. Nan ajin manya ne."

Wanda ya fara zuwa ranar kuwa Mati mai tsire ne, da daro guda na barkono da citta da masoro. Ya kai bakinsa ramin SAKA ya ce, "Abokina, Baba fa sai da yamma yake niƙa nawa, in kowa ya gama, sannan ya bi da dusa ya wanke injin."

"Mati, kiyu bai san yamma ba. Turo."

Uwaisu ya tayar da inji, ya juye daron a baki. Ɗakin da a da iska ke ratsawa ta ƙofa ta fita ta taga, yau ba ta da hanya. Jar ƙura ta tashi ta nemi mafita ta rasa, sai ta samu hancin Injiniya. Daga waje ba a ganin komai, kamar yadda ilimi ya tanada. Sai dai ana ji. A atishawar farko mata suka ce yarhamukallahu. A ta biyar suka sake faɗa. Da ta wuce goma suka bar shi da Allah.

Dawar Inna Hure ce ta biyu. Garin ya fito ta ramin KARƁA kamar an sa masa lalle.

"Ɗan Nababa, farar dawa na kawo."

"Hasken rana ne, Inna," in ji murya daga ciki, tana shaƙewa.

Bayanta waken Luba mai ƙosai ya shiga, haka aka yi ta tafiya har hantsi ya dubi ludayi.

Da la'asar Uwaisu na zaune a kan benci, ido ja kamar gauta, Inna Hure ta iso da malmalar tuwo a faifai ta ajiye masa a cinya.

"Ci."

"Inna, alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ci, ɗan Nababa. Jikokina huɗu na gida, kowanne bakinsa a cikin randa."

Ya gutsura ya kai baki. Tuwo ne ba miya, amma sai da ya ji kunnuwansa sun buɗe. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Ai... an rage miki wahalar miya ke nan."

Kafin tsohuwar ta sami abin jifa, sai ga Luba da tiren da ba kowa a kai, bakinta har kunne. "Injiniya, Allah ya yi albarka! Ƙosan yamma ya ƙare tas, har ana tambayata me na ƙara."

"Kin ji ko, Inna? Rabin jama'a sun gamsu."

"Mutum ɗaya ce rabin?" Ta ɗauke faifanta. "Don darajar ubanka zan dawo gobe. Kada ka ɗauka don taka ce."

Uwaisu ya zauna ya yi nazari irin na manyan masana, ya gano laifin ba nasa ba ne, na kiyu ne. Mati ke riga kowa zuwa, shi ya sa barkono ke riga kowa shiga. To a juya mana. Sitak! Na farkon zuwa ya zama na ƙarshen fita, barkono ya koma ƙasa da kansa. Bai ga dalilin sanar da kowa ba, tunda daga waje ramuka biyun nan suna inda suke.

Washegari Inna Hure tana idar da sallar asuba ta ɗauki dawarta ta fito, ta zama ta farko, don ta riga barkono. Mati kuwa kunyar jiya ta sa ya yi zamansa a gida har sai da ya tabbatar kowa ya saka, sannan ya lallaɓo da ragowar barkononsa ya tura a ƙarshe, yana jin ya yi abin kirki.

A ciki Uwaisu ya ɗora kwano kan kwano har suka kai masa ƙirji. Ya duba na sama, ya ga ja. Zuciyarsa ta ce masa ajiye shi gefe mana. Ilimi ya ce ba a tsallake na sama. Ya ɗaure hanci da hularsa, ya yi bisimilla, ya juye.

Mati bai gama gaisawa ba daronsa ya leƙo ta hagu.

"Ikon Allah! Ni da na zo yanzu?"

Mata biyar da suka biyo bayansa kowacce ta tafi da tsarabarta ja. Kuma duk wadda ta makara ta kawo nata, sai ya hau sama ya fita nan take. Inna Hure tana zaune a gindin darbejiya. Ta ga Luba ta zo ta tafi. Ta ga matan da suka gaishe ta da ina kwana sun dawo daga rijiya sun gaishe ta da ina wuni. Inuwa ta bar ta ta matsa, ta sake barinta ta sake matsawa. Sai bayan azahar kwanonta ya fito.

"Inna, duba ki gani," in ji Uwaisu ta ramin. "Fari tas. Ko ɗigon ja babu."

"Fari ne kam. Sai in kai musu su kalla, tunda lokacin ci ya wuce."

Daidai nan Asama'u ta taso daga makaranta, ta ji yadda aka yi, ta leƙa ramin KARƁA.

"Ba a leƙe!" in ji Uwaisu.

"Injiniya, jiya ka ce na farko ke fara fita. Yau ka juya ba ka gaya wa kowa ba."

"Ciki na canza. Ciki kuwa ba ruwan mai amfani da shi."

"Ba ciki ka canza ba, alkawari ka canza. Ciki shi ne ko a ƙasa ka jera kwanonin ko a kan benci, wannan ba wanda ya dama. Amma wa zai fara fita, wannan alkawari ne. Kuma abin da mutum ya saka shi zai karɓa, ba da guzurin barkonon wani ba. Sai ka iya riƙe wannan sannan kake da bakin cewa kada a leƙa. Sharaɗin ke nan. Ko malaminku bai zo nan ba?"

"Ya zo. Wuta aka ɗauke."

"To me ya hana ka ji? Da baki yake magana ai, ba da wuta ba."

Uwaisu ya hango ramin da ya fi na zana zurfi a gabansa. "Ke, ina da aiki," ya ce, ya ja kwali ya toshe.

Rana ta uku gari ya waye kowa ya san sirrin: na ƙarshe shi ne na farko. Uwaisu ya tayar da inji da ragowar gas ɗin da babansa ya bari, ya tsaya a bayan ramin SAKA yana jira. Shiru. Ya leƙo, sai ya ga mata sun fi ashirin a tsaye, kowacce ta rungume kwanonta kamar jariri.

"Bismillah, Goggo, ke ce babba."

"Wane ni! Ai yau na yafe girman, shige gaba."

"Wallahi ba zan shiga gabanki ba, ba haka aka rene ni ba."

Ba a taɓa ganin ladabi irin na ranar a Rijiyar Gawo ba. Luba da ta zo tun ɗazu ta koma bayan kowa tana gyara ɗaurin zanen da bai kwance ba. Inji na ta kuka yana shan gas a banza, kowane bugu Uwaisu na jin sa a haƙarƙarinsa.

Ana haka Inna Hure ta iso da 'yan rakiya, an ɗauko daron dawa biyu da rabin buhun busasshiyar kuka. Ranar ce gayyar Mai Unguwa, ƙarti talatin za su yi masa maimai, wato noma na biyu, kuma a shekara irin wannan tuwon gayya ya fi gangar gayya kiran mutane.

"Ɗan Nababa, yau ba ni da lokacin hauka. Da wane suna za ka ɓata mana rai?"

Uwaisu ya haye taya. "An soke sitak! Yau tsarin nau'i ne. Fari da fari, ja da ja, kore da kore. Fari ke fara shiga."

Mata suka dubi juna. "Ai kusan haka ubanka ke yi."

"Baba da ka yake yi. Ni da ilimi."

Kwanoni suka fara shiga. Can sai ga Malam Khalilu mai maganin gargajiya, tsoho mai sanyin magana, da ƙwarya cike da busasshen ganye. Filasko ne, ganyen da ake ba wanda cikinsa ya ɗaure, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke sa ƙato ya manta takalminsa a masallaci. Ya sunkuya a ramin.

"Ɗan nan, wannan ganyen nawa..."

"Malam, ba a yi wa inji bayani."

"A'a, so nake ka sani..."

"Busasshe ne?"

"Busasshe ne."

"Kore ne?"

"Kore ne, amma..."

"To nau'insa ya fito. Turo."

Lokacin da aka zo kan kore, inji ya fara tari alamar gas ya kusa ƙarewa. Uwaisu ya dubi kukar Inna Hure, ya dubi ganyen Malam, ya ga nau'i ɗaya bai kamata ya ci tashi biyu ba. Ya haɗe su ya juye. Da garin ya fito ya raba da adalci, mai yawa ga mai yawa, ɗan kaɗan ga mai ƙwarya. Yana miƙa na ƙarshe injin ya mutu da kansa. Ya share gumi, ya ji a ransa da malaminsa na Kaduna ya ga wannan, da ya ba shi kujera a cikin aji.

Ya isa gonar Mai Unguwa daidai lokacin da ake sauke kwanonin abinci, kamar wanda ya auna. Ba fartanya a hannunsa, jakar kwamfuta ce a kafaɗa. Tuwo fari sol, miya kore shar. Mai Unguwa ya ɗaga malmala ya ce, "Kai, wannan gari ya niƙu."

"Ranka ya daɗe, somin taɓi ne. Nan da baɗi daga Makoda za a riƙa zuwa kallon tsarin nan."

Mati da ya zo taya noma ya lashi yatsa ya ɗan yamutsa fuska. "Miyar nan kamar da ɗan ɗaci-ɗaci."

"Laushin niƙa ne, bakinku bai saba ba," in ji Uwaisu. Don ya nuna musu, ya tashi da malmala uku, ya kuma shanye ragowar miyar kwanon.

Aka koma aiki. Mai gangar noma ya saki kiɗa, ƙarti suka jeru suna kai fartanya kamar ba gobe. Uwaisu ya zauna a inuwa kusa da Mai Unguwa yana yi masa bayanin yadda za a tsara manoman nan su daina noma da ka.

Gab da la'asar wani ƙato a tsakiyar sahu ya tsaya cak, ya saurari wani abu da shi kaɗai ke ji, ya ajiye fartanya a hankali, ya nufi cikin dawar maƙwabta da ɗan sauri. Na kusa da shi ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi, ya bi bayansa. Sai biyu. Sai biyar a tare. Mai ganga ya ga sahu na raguwa ya ƙara wuta yana kiran sunayen mazaje, yana cikin kirarin wani sai kiɗan ya yanke a tsakiya, aka hango ganga na gangarawa cikin kunyar gona ita kaɗai.

Mai Unguwa ya miƙe. "Wai me ke..." Bai ƙarasa ba. Ya tattara babbar riga, ya fara tafiya irin ta masu sarauta, taku ɗaya-ɗaya. A taku na shida sarautar ta ƙare.

Uwaisu ya buɗe baki zai yi sharhi, sai cikinsa ya tayar kamar injin babansa a ranar sanyi. Malmala uku suka nemi haƙƙinsu a lokaci guda. Ya yar da jakar da bai taɓa yarda ta taɓa ƙasa ba, ya faɗa cikin dawa.

Bayan ɗan lokaci wata murya ta fito daga kunya ta uku a damansa.

"Wane ne nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ɗan Nababa? Kai ma?"

"Ina jin iska ce ta damina, ranka ya daɗe. Tana yawo."

Sai ga sallama daga bakin gona. Malam Khalilu ne da ƙwaryarsa, yana ɗaga 'yar muryarsa iya ƙarfi, yana duban fartanyoyi talatin a yashe ba masu su.

"Jama'a! Ina ɗan Nababa? Ina ya kai mini filaskona? Na jiƙa wa mai ciwo magani ya zama miyar kuka, har yana tambaya ina tuwon!"

Gonar dawa ta ɗauki salati daga kowace kusurwa.

"Ku kama shi!" in ji Mai Unguwa. "Kada wanda ya bari ya gudu!"

"Ranka ya daɗe," in ji Mati daga can nesa, "ba mai iya tashi."

Uwaisu ma, da ya gwada, ya tarar hukuncin ya haɗa da shi.

Inna Hure na tsaye a wurin tukwane da ludayi a hannu. Ba ta ci ba, don mai rabo ba ta ci sai an gama. Ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba, amma har cikin dawa aka ji. "Shekara arba'in ina miya a garin nan, ba a taɓa gudun miyata ba sai yau. Mata, gobe bakin titi."

Da hantsin washegari motar Kano ta sauke Malam Nababa a bakin titi, ido ɗaya a rufe da auduga. Da wanda ya rage ya ga abin da ya ishe shi: kwanoni jere a ƙofar Sama'ilu, kowanne ya san shi da faifansa, ga Inna Hure a kan benci ta miƙe ƙafa. Ya taka har gida, ya tarar awaki na cin zanarsu a ƙofar ɗakin inji, Injiniya kuma kwance a benci ya zama kamar tsumman da aka matse.

"Baba, sannu da hanya. Akwai 'yan gyare-gyare da..."

"Likita ya ce kada in yi fushi, kada in sunkuya, kada in ɗaga abu mai nauyi. Da ba don haka ba da na ɗaga ka na buga da ƙasa. Tashi mu je."

Suka koma bakin titi, uba a gaba, ɗa na binsa yana dafe ciki. Malam Nababa ya cire hula a gaban mata, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya Hure, na zo biko."

"Nababa, ya ido?"

"Da sauƙi. Gara ma da ban gani ba."

"Ni ba ni da rigima da kai. Amma ƙanena na kwance, maimai bai kai rabi ba, sunana kuma ya shiga bakin duniya."

"Ragowar maimai wannan zai yi, shi kaɗai, ko zai kai kaka. Inji kuma ko inuwarsa ba zai sake takawa ba. Yaya, in kika zauna nan, gidana ba a ɗora tukunya."

Tsohuwar ta daɗe tana duban Uwaisu, daga tabarau har silifa. Kwanonta saura biyu a zo kansa.

"Ƙafata ta kumbura da tafiyar nan, kuma ɗanka ne ya jawo. Ni dai ba zan taka ta in koma ba."

Malam Nababa ya juya. "Je ka aro baron Mati."

Haka aka shiga Rijiyar Gawo ana gab da azahar. Inna Hure zaune daram a cikin baro, daron dawa a cinya, ta kare rana da faifai. Injiniya na turawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A baya mata goma sha ɗaya da kwanoni a ka. Sauran sun ce sun riga sun zo, kuma garin Sama'ilu ma ba laifi, waɗannan sai dai a yi haƙuri da su. Ƙartin jiya na zube a gindin bishiyoyi, ba mai ƙarfin dariya, sai dai su ɗaga hannu. Asama'u ta fito ƙofar makaranta ta rafka guɗa kamar ana kai amarya.

Sun wuce masallaci numfashin Uwaisu ya ɗan dawo. Ya dubi hanyar da ke gaba, ya dubi lungun da ya ratsa bayan gidan Mai Unguwa, wani abu ya motsa a kansa.

"Inna, kin san a kwamfuta akwai wani ilimi na gano hanya mafi kusa? Da za mu bi ta..."

"Tura, ɗan Nababa. Ga rami nan."

Ya duba ramin da kyau, ya kauce masa cikin gwaninta, ya faɗa na gaba.